Ganyen Da Ba a Binne Masa Gindi

Zuwa ga maigidana, Telana, inuwar da na fake a ƙarƙashinta tun ina da haƙora har suka zube, ruwan sanyina a tsakar rana, farin watan da ke leƙo ni ta taga, bangon da nake dafawa in gwiwa ta ƙi ni. Ina gaishe ka gaisuwar da ƙasa ke yi wa ruwan farko. Da fatan ka tashi da sauƙi, da fatan ma'aikatan asibitin nan suna juya ka a hankali, ba kamar buhu ba.

Malama ta hawan ƙasa ce ke rubuta mini, ka san hannunta. Na ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta yi mata kwalliyar makaranta. In ka ga layi ya karkace, dariya take yi mini, ba laifina ba ne. Da a waya zan faɗa maka, to ka san halina da waya. Da na ji numfashinka a ciki sai in yi ta "ya jiki, ya jiki" kamar aku, ga babban ɗanka tsaye a kanka ya baza kunne. Ɗakin da kake kuma sun hana ni shiga saboda tarin nan nawa. To ga takarda. Kai Allah ya ba ka karatu, ka karanta da idonka, kada ka miƙa wa kowa.

Saƙonka ya iso. Auta ce ta kawo shi tana kallon ƙasa. Wai ka ce a ba da akwatin kifin ga duk mai so, kada ya zame mini wahala. Haka ka ce? Kai da bakinka? Maigida, ban yi boko ba, amma ba a jiya aka haife ni ba. Na san abin da ake nufi in mutum yana kwance ya fara rabon kayansa. Yau akwatin kifi, gobe keken ɗinki, jibi sai ka ce ni ma a ba da ni ga duk mai so. To ban bayar ba. Bari in zayyana maka irin wuyar da na sha a kan akwatin nan, in ya so in ga ko kana da idon da za ka sake faɗa.

Ka manta ranar da ya shigo gidan nan? Likita ya ce jininka ya hau, ka nemi abin da za ka riƙa kallo hankalinka ya kwanta. Sauran tsofaffi kujera suke ja bakin taga su kalli motoci. Kai sai da ka kwaso mana kogi guda. Ga mai gadi da direban nan na maƙwabta sun ɗauko akwatin gilashi suna nishi a kan matakala, kana binsu a baya kana "a hankali da kusurwa, a hankali da kusurwa," kamar ƙwai suka ɗauko. Da na ga wayar wuta ta fito daga bango ta shige cikin ruwa, na ce shi ke nan, tsohon nan ya gaji da mu, wuta da ruwa a wuri ɗaya. Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ka ce Sarauniyar Tsoro ta fara. Ka wanke tsakuwa a bahon wankina. Ka bar ruwa yana ta zagaye a ɗan injin nan mai tace ruwa kwana da kwanaki kafin ka kawo kifayen, 'yan ƙanana masu jan wutsiya. Mai ƙibar cikinsu ka sa mata sunana, wai don ko tari aka yi sai ta ruga bayan dutse.

Da yamma ka jera kujeru biyu a gabansa. Ka ɗora hannunka a kan nawa, hannun nan mai kantar almakashi, hasken ruwa yana rawa a fuskarka kamar ka koma saurayi. Ka ce saura tsirrai, masu rai, ba na roba ba, kuma tare za mu je mu zaɓo tunda ni ce mai hannun shuka. Zuciyata sai da ta yi fari kamar auduga. Ba mu kai ga zuwa ba ka faɗi a gaban kekenka, ɓarin jikinka na dama ya ƙi tashi. Mutanen nan biyu dai su suka sauke ka ta matakalar, ni kuma ina binsu a baya ba takalmi ina "a hankali da kusurwa."

Dakata, Malama, bari in sha ruwa. To ci gaba.

Da gidan ya yi shiru, ba ƙarar keke sai gurnanin ɗan injin ruwa, na dubi akwatin nan tsirara, tsakuwa da duwatsu kawai, kifaye ba wurin ɓuya. Na ce wallahi ba zai dawo ya tarar da shi haka ba. Na ja Auta muka tafi shagon kifi, wanda ke bayan tashar bas, kusa da mai gyaran agogo. Wurin duhu-duhu, akwatuna bisa akwatuna, ko'ina sai ɓul-ɓul. Na riƙe gefen rigar Auta don kada wani ya fashe a kaina. Matar mai shagon ta fito hannun rigarta jiƙe, ta hau yi mini tambayoyi kamar 'yar sanda: wace irin fitila gare ku, me kuka zuba a ƙasa, kin taɓa shuka a ruwa? Na ce 'yar nan, tun ba a yaye uwarki ba nake shuka. Ki zo barandata ki ga gwangwanayena, na'ana'a da barkono da tumatir, ko tsinke na soka a ƙasa sai ya yi ganye.

Can na hango wani ja, ganyensa siriri kamar gashin ido, yana lilo a ruwa kamar wuta na ci. Na ce wannan. Ta ce, Mama, wannan ɗan gata ne, sai da fitila mai ƙarfi, da ƙasa ta musamman, da wata iska da ake hura masa daga tukunyar gas. Sabon shiga ba ya farawa da shi. Ta ɗauko wani kore mai duhu, ganye mai kauri kamar fatar takalmi, ta ce ga wanda zai yi haƙuri da ke. Na ce mijina zai taso daga gadon asibiti ya zo ya kalli wannan mummunan? Na ɗauki ja. Ta girgiza kai, ta jefa mini mummunan a leda ta ce gyara ne.

Sanyin idona, da na ji maganar yarinyar nan. Jan nan ko mako bai rufa ba ya narke, ya koma kamar ganyen da aka dafa aka manta a tukunya. Na ce yunwa ce. Shuka in ta yi yaushi me ake ba ta? Taki. Na ɗebo kaɗan daga gwangwanin tumatir na barbaɗa. Kafin azahar ruwa ya yi fari kamar an wanke shinkafa, kifaye duk sun taso sama suna buɗe baki. Na sauka da gudu, ni da ban yi gudu ba tun haihuwar Auta, na buga ƙofar Malama. Ga ta nan tana gyaɗa kai, ita ce shaida. Da kwano muka riƙa kwashe ruwa muna zuba wani. Duk da haka ƙaramin cikinsu ya juya ciki sama. Na tsame shi da cokali, ko nauyin wake bai kai ba, amma sai na ji kamar na ɗauko dutse. Ranar duk ƙarar da waya ta yi sai in ruga in ɗauka, in ce mummunan labarinka ne. Kada ka yi mini dariya. Kai ka sa musu sunaye, kai ka sa na fara ƙirga su da safe kamar 'ya'ya.

Daga nan na ce ko duhu ne ya kashe jan, tunda an ce yana son haske. Na bar fitila a kunne ba dare ba rana. Sai gansakuka ta taso ta lulluɓe gilashin, kore shar, har ba na ganin takwarata. Na kankare da tsohon katin asibitinka har kafaɗata ta riƙe. Na yanko na'ana'ata, wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba, na dasa a ƙarƙashin ruwa. Ta ruɓe, ta yi wari. Wace irin gona ce wannan ka bar mini, wadda taki guba ne a cikinta, haske cuta, abin da na sani duk ya juya mini baya?

Saura mummunan, yana ta yawo a kofin da na jefa shi, ko a jikinsa. Na ce to kai ka rage. Na yi masa shuka ta gaskiya yadda uwata ta koya mini. Yana da wani gindi a kwance, mai kauri kamar ɗanyar citta. Na tona tsakuwa, na cusa gindin can ƙasa, na rufe, na danna da babban yatsa, har da bisimilla. Bayan 'yan kwanaki ganyensa ya fara rawaya ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu hannu ya canza, za ka gani. Malama ta tafi duba tukunyarta, Auta ce ta karɓi biro. Rubuta mana, me kike sunkuyar da kai? Ai ba daga sama kika faɗo ba. Ubanki ne, kuma mijina ne tun ba a san za a yi ki ba. Rubuta "hasken zuciyata." Na ga hannunki bai motsa ba. Yauwa.

Hasken zuciyata, 'yarka ce fa ta zo mini da tsirran roba a leda, kore da shuɗi har da mai ƙyalli, wai Mama ki huta, waɗannan ba sa mutuwa. Na ce abin da ba ya mutuwa ai bai taɓa rayuwa ba, kai su gidanki ki sa a banɗaki. Ta yi fushi, na yi fushi. Ki rubuta haka, ai gaskiya ce.

Washegari na tono mummunan, na sa shi a kofi, na shiga bas ni kaɗai. Ni kaɗai, maigida! Ni da ko titi ba na tsallakawa sai ka riƙe mini hannu. Na rungume kofin, ruwa na zuba a zanena, mutane na kallona kamar sabon hauka. Da na isa shagon na miƙa wa matar, na zauna a kan wani bokiti da aka kife, sai kuka. Ba ta ce "ai na faɗa miki" ba, Allah ya yi mata albarka. Ta shinshina gindin, ta latsa, ta sa almakashi ta yanke inda ya yi laushi. Ta ce, Mama, binne shi kika yi ko? Na ce to da me ake yi wa shuka? Ta ce wannan ba a binne masa gindi. Gindin nan a sarari yake so, ruwa na wucewa ta kansa. A ɗora shi a kan dutse ko guntun icce, a ɗaure da zare, ba da ƙarfi ba, a ƙyale shi. Da kansa zai miƙa saiwa ya kama dutsen. Ba ya son taki, kashin kifi ya ishe shi. Ba ya son haske mai yawa. Ta ce irinsa wuyar kashewa gare shi, ana mantawa da shi ya rayu, ana sakaci ya rayu, abu ɗaya ne ba ya yafewa, a rufe shi da ƙasa tun da sauran ransa.

Na daɗe ina kallon ɗan guntun nan a tafin hannunta. Sannan na ce, 'yata, duk wani tsiro da ke shagon nan wanda ya ƙi binnewa, ba ni shi.

Ta faɗi sunayensu, duk masu karya harshe, ko ɗaya ban riƙe ba, na raɗa musu nawa. Akwai Wutsiyar Kyanwa, shi ko saiwa ba shi da ita, jefa shi kawai ake yi ya yi ta shawagi a sama yana tsawo, kifaye na ɓuya a cikinsa. Akwai Gashin Tsohuwa, wani cukurkuɗaɗɗe da ake shimfiɗawa a kan icce ya manne. Akwai Dogon Ganye, mai ɗigo-ɗigon baƙi a bayansa, ta ce kada in tsorata ba cuta ba ce, shi ma ɗaure shi ake yi. Mummunan kuwa na sa masa Mai Taurin Kai, ka san wanda ya gada. Ta ce fitila a kunna da hantsi a kashe kafin magariba. Ruwa a rage kaɗan duk mako a ƙara wanda ya kwana a bokiti. In tsohon ganye ya zube kada in ɗaga hankalina, in jira. Na ce jira kam na iya, shi nake yi.

Na dawo gida na buɗe aljihun kekenka. Tun ranar da aka fita da kai ban taɓa shi ba. Ƙanshin man keke ya bugi hancina, ga tef ɗin awonka a naɗe yadda ka bar shi, ga allin da kake zana yadi. Sai da na zauna tukuna. Na ɗauko baƙin zare, mai ƙarfin nan da kake ɗinka maɓallin kwat.

To a nan gizo ke saƙar. Ka san yatsuna yadda sanyin ƙashi ya tanƙware su. In na kama zare sai dutse ya suɓuce, in na kama dutse sai ganye ya zame. Na ɗaura, na sa a ruwa, da safe in tarar da shi a sama yana yawo kamar yana mini gwalo. Na sake, ya sake. Na zage shi, na zagi dutsen, na zagi likitan da ya ce ka nemi abin kallo, kai ma ban bar ka ba, ka yafe mini. Da ƙyar da jiɓin goshi, da haƙorin nan ɗaya da ya rage mini a gefe, na samu Mai Taurin Kai ya zauna. Ƙullin kamar na ɗaurin akuya, in ka gani za ka ce wa ya yi wannan aika-aika da zarenka. Amma ya riƙe.

Kuma ka ji abin da na kasa faɗa maka a waya. Ya yi sabon ganye. Ɗan mitsitsi, a naɗe, kore mai haske, kamar farcen jariri. Ga wata farar saiwa ta leƙo ta dafa dutsen. Wanda na binne da hannuna, wanda aka yanke wa rabin jiki da almakashi, shi ne ya yi ganye. Takwarata tana kwana a ƙarƙashinsa. Wannan ne za ka ce in ba duk mai so?

Dogon Ganye kuwa ya gagare mu. Mata uku mun taru a kansa. Malama ta yi masa ɗaurin littattafai, ya kwance. Auta ta sa masa robar ɗaure gashi, ta shaƙe shi har ya fara baƙi, na cire. Ni na gwada har zaren ya yanke mini yatsa. Dutsensa mai santsi ne, sai ƙullin wanda ya san zare. Yana nan yana yawo a saman ruwa, injin ya tura shi gabas ya dawo da shi yamma, dutsensa na ƙasa ba kowa a kai.

Ka tuna tashar bas, tun ba a yi maganar aurenmu ba? Ana ruwa, igiyar takalmina ta tsinke, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar balbela, kunya kamar in nutse. Wani siririn yaron tela ya tsuguna a cikin taɓo, ya zaro allura daga wuyan rigarsa, ko fuskata bai kalla ba. Ya ɗinke, ya yi wani ƙulli, ya ciza zaren da haƙori. Takalmin nan sai da ƙasansa ya cinye ya huje, ƙullin bai motsa ba. Tun ranar nake tafiya a kan ƙullinka, maigida. Wannan ƙullin nake nema.

An faɗa mini komai, kada ka ga laifin Auta, ni na matsa mata. An ce kana juya fuska bango. An ce abinci sai an yi da gaske. An ce mai motsa maka jiki ya ba ka ƙwallon roba ka riƙa matsawa da hannun dama, ka tura shi ƙarƙashin filo, wai tela ba hannu ai gara a naɗe tabarmarsa. Kai ne mai naɗewa? Kai da ka koya wa rabin unguwa riƙon almakashi, yau ƙwallon yara ta fi ƙarfinka? Ni da nake tsoron inuwata na sa hannu har gwiwa a ruwa mai wayar wuta a ciki, na shiga bas ni kaɗai, na koyi sabuwar shuka da furfura a kaina. Kai kuma kana can kana tona wa kanka tsakuwa kana ja tana rufe ka, da sauran ranka. Ina jin haushinka, ruwan sanyina. Ina jin haushinka kamar in fasa akwatin, kuma in na tuna fuskarka a hasken ruwan nan sai in rasa inda zan sa kaina. Bishiya in ta faɗi, ina tsuntsuwar da ta tsufa a kanta za ta koma? Wa zai ce mini Sarauniyar Tsoro in yi fushin ƙarya? Kujera ɗaya za a bar mini a gaban kogin da ka kawo?

Girgiza ambulan ɗin nan. Akwai baƙin zare a ciki, na aljihun kekenka, tsawon kamu ɗaya. Ka ɗaura shi a ƙarfen gadonka. In dama ta ƙi, hagu ta taya ta, in sun ƙi su biyu ka sa haƙori, ai ka saba. Ya kwance ka sake, ni ma haka na yi. Ranar da ƙulli ya zauna, ka ba Auta ta zo ta faɗa mini, ba na son wani saƙo kafin wannan.

Na tambayi matar mai shagon ko Dogon Ganye zai mutu in ya daɗe yana yawo. Ta ce a'a, zai jima a haka, sai dai ba zai zauna ba, ba zai yi kyau ba, sai ya samu abin kamawa. Na ce na san irinsa. Ba zan ƙara bari kowa ya gwada ba. Dutsen na nan na wanke shi, kujerarka na nan ina kaɗe mata ƙura, fitila ina kashewa kafin magariba yadda aka ce.

Ni ce taka, tun daga taɓon tashar bas har inda zaren zai ƙare, ba mai kwance ni.

Sarauniyar Tsoro.

Danshin da ka gani a ƙasan takardar, ruwan akwatin ne, yanzu na ciro hannuna. In Auta ta faɗa maka wani abu daban, kada ka yarda.